Kun Tambaya, Mun Amsa: Maganin da Ake Shafa wa Ragar Jijiya da Balan-balan

Tambayoyin wannan fitowa duk sun shafi toshewar jijiyoyin jini da aikin da ake yi ta cikin jijiya ba tare da an tsaga mutum ba. Likitocin zuciya da na jijiyoyin jini masu kula da wannan fili ne suka amsa.

Assalamu alaikum, Likita. Mahaifina ya samu bugun zuciya, aka ce jijiya ɗaya ta toshe, aka sa masa wata ragar ƙarfe da ake kira sitent. An ce mana mai magani ce. Wane irin magani ne a jikin ƙarfe? In ya ƙare sai an canza ragar?
*Wata malamar makaranta, Kano*

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba Baba lafiya. Ba a canza ragar, tana nan har abada. Ƙarewar maganin kuma ba abin damuwa ba ne, domin da ma an yi shi ne ya gama aikinsa cikin 'yan watanni.

Ga abin da aka yi wa Baba. An kashe zafi a wuyan hannunsa, ko a matsematsi, aka huda jijiyar da ke bugawa, aka zura siririn tiyo da ake kira kateta. Tsawonsa wajen mita ɗaya, kaurinsa milimita 2. An ba shi hefarin don kada jini ya daskare a jikin tiyon, aka tura shi har bakin jijiyar zuciya, aka fesa ruwan rini ana kallo ta na'urar eksire har aka ga inda hanya ta tsuke. Daga nan aka ratsa wurin da waya wadda kaurinta bai kai rabin milimita ba. A kan wayar nan komai yake hawa. Balan-balan ya fara shiga ya buɗe hanya, sannan ragar ta biyo a tsuke a jikin wani balan-balan. Ana hura shi da ruwa, da ƙarfin da ya ninka iskar tayar mota sau biyar ko shida, ragar ta baje ta manne a bangon jijiya. Sai a sace balan-balan a zare shi. Faɗin ragar yakan kama daga milimita 2 da ɗoriya zuwa 4, gwargwadon jijiyar.

Jijiya nama ce mai rai, kuma buɗe ta da ƙarfi rauni ne. Jiki yakan tashi gyaran raunin, ƙwayoyin tsokar bangon jijiya su yi ta hayayyafa, tabo ya yi kauri ya cike hanyar daga ciki. Tun da Andreas Grüntzig ya fara buɗe jijiyar zuciya da balan-balan a birnin Zurik na Suwizalan a 1977, wannan ce matsalar da ta addabi aikin: kusan mutum ɗaya cikin uku yakan dawo cikin wata shida jijiyar ta sake tsukewa. A 1986 aka fara sa ragar ƙarfe zalla a Faransa da Suwizalan. Ta hana jijiya komawa ta rufe, amma tabo ya ci gaba da tsirowa ta ramukanta, mutum 20 zuwa 30 cikin ɗari suna dawowa. Raga mai magani, wadda aka fara gwadawa a jikin mutane a Barazil a 1999 kuma Amurka ta amince da ita a 2003, ta sauko da adadin ƙasa da 10 cikin ɗari.

Hawa uku gare ta. Akwai ƙarfen, wanda a ragar zamani kaurin silinsa bai kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba. Akwai wata roba mai matuƙar siranta da aka lulluɓe ƙarfen da ita, ita ce ke riƙe maganin tana sakinsa a hankali. Sai maganin kansa, yawanci sirolimus ko danginsa irin su eberolimus. An samo sirolimus ne daga wata ƙwayar halitta a cikin ƙasar tsibirin Rapa Nui da ke tekun Fasifik, kuma aikinsa hana ƙwayoyin jiki rabuwa su yawaita. Duk maganin da ke jikin raga ɗaya bai kai rabin miligiram ba. Kusan kashi 80 cikin ɗari yana fita a watan farko, ragowar kafin wata huɗu, wato daidai lokacin da tabo ke ƙoƙarin tasowa.

In raga mai magani ta sake tsukewa, sau da yawa laifin ba na maganin ba ne. Ko dai bangon jijiyar ya ƙandare da alli ragar ba ta baje sosai ba, ko an zaɓi ƙarama, ko an bar wani ɓangare na ciwon a bakinta ba a rufe ba. Masu ciwon suga da masu wankin ƙoda sun fi fuskantar haka. A ganinmu yadda aka zaunar da ragar ya fi sunan kamfaninta muhimmanci, shi ya sa inda akwai kayan aiki ake zura ƙaramar na'urar ɗaukar hoto cikin jijiyar a tabbatar ta manne ko'ina.

Abu ɗaya za ki riƙe, Malama: maganin nan santimita biyu ko uku na jijiya ɗaya yake karewa. Sauran jijiyoyin Baba suna nan da kitsen da ya jawo ciwon. Su sai maganin rage kitse irin atobastatin, da saita hawan jini da suga, da barin taba in yana sha.

Likita, wata biyu ke nan da sa wa yayana raga. Ya warke sarai, har ya koma kasuwa. Ƙwayoyin da aka ba shi suna da tsada, kuma dasashinsa na jini in ya yi asuwaki. Yana so ya bari. Sannan ya saba yin ƙaho duk shekara.
*Wani ɗan kasuwa, Zariya*

Alhaji, don Allah ka hana shi. A duk tambayoyin wannan fitowa babu wadda ta kai taka hatsari.

Maganin da ke hana tabo tsirowa shi ne kuma yake jinkirta fatar cikin jijiya, wadda ya kamata ta lulluɓe ƙarfen. Muddin ƙarfe yana tsirara a cikin jini, ƙananan ƙwayoyin da ke haɗa gudan jini suna ganinsa a matsayin rauni, su taru a kansa. Tsukewar tabo a hankali take zuwa, mutum ya fara jin nauyin ƙirji in ya yi tafiya, ya samu lokacin zuwa asibiti. Gudan jini a cikin raga kuwa cikin mintoci yake rufe hanya ruf, ya jawo bugun zuciya mai tsanani, kuma da yawa ba sa kaiwa asibiti. Babban abin da ke jawo shi a watannin farko shi ne barin ƙwayoyin maganin nan da aka ba yayanka. A 2006, a wani babban taron likitocin zuciya a birnin Basilona na Sifen, an nuna cewa raga mai magani ta ƙirar farko tana iya haɗa guda har bayan shekara. Wannan ya sa aka sake ƙirar, aka rage kaurin ƙarfe aka gyara robar. Ragar yau ta fi aminci nesa ba kusa ba, amma ba a wata na biyu ba tare da magani ba.

Ƙwayoyin biyu ne suke tafiya tare: asfirin miligiram 75 zuwa 100 kullum, da kilofidogirel, wanda aka fi sani da Plavix, miligiram 75 sau ɗaya a rana. Wasu ana ba su Brilinta miligiram 90 safe da yamma a madadinsa. Wanda aka sa wa raga bayan bugun zuciya yakan sha biyun na wata 12. Wanda aka sa wa don ciwon ƙirji na yau da kullum, wata 6. Mai hatsarin zubar jini ana iya rage masa zuwa wata ɗaya ko uku, amma likitan da ya sa ragar ne zai yanke, ba mai kemis ba. Bayan nan a bar ɗaya, a ci gaba da ɗaya har ƙarshen rayuwa.

In kuɗi ne matsalar, ya faɗa wa likitansa kai tsaye. Kilofidogirel na wasu kamfanonin ya fi Plavix sauƙi sosai, kuma maganin ɗaya ne in an saya a kantin magani mai rajista. Tsallake rana don ƙwayoyin su daɗe ba dabara ba ce.

Jinin dasashi da ɗan shacin jini a fata ba dalilin bari ba ne. Ya koma burushi mai laushi. Abin da ke buƙatar asibiti a ranar shi ne baƙin bayan gida mai yauƙi, aman jini, haɓon da ya wuce minti 15 ana matse hanci bai tsaya ba, ko ciwon kai mai tsanani da ya zo farat ɗaya. Ya nisanci magungunan ciwon jiki irin su dikilofenak da ibufurofen da Feldene, musamman haɗin da ake ƙullawa a leda ba suna. Su ne suke fasa ciki su sa zubar jini. Farasitamol ya isa. In yana da gyambon ciki, fantofirazol ya fi omefirazol dacewa, domin omefirazol yana rage ƙarfin kilofidogirel.

Ƙaho ya jira har ya gama shan biyun tare, kuma ko a lokacin ya sanar da likita da wanzamin. Cire haƙori yawanci ana yinsa ba tare da an tsayar da maganin ba, a danne wurin da auduga, in ta kama a ɗinke. Tiyatar da ba ta gaggawa ba a ɗaga ta zuwa bayan wata 6. In azumi ya zo kuma likita ya yarda ya yi, mai sha sau ɗaya ya tsayar da lokaci guda, sahur ko buɗa-baki, mai sha sau biyu ya raba tsakaninsu.

Shekarata 63, ina da suga. In na yi tafiya kaɗan sai sharaɓata ta ɗaure, in na tsaya ta saki. An ce jijiyar cinya ce ta tsuke, za a buɗe da balan-balan mai magani. Ɗana ya ce ya ji maganin yana kisa.
*Wani dattijo, Maradi*

Baba, abin da ɗanka ya ji yana da tushe, amma labarin ya ci gaba bayan nan.

Jijiyar cinya tana lanƙwasa, tana murɗewa, tana miƙewa da kowane taku. Ragar ƙarfe a irin wannan wuri tana iya karyewa, shi ya sa ake son hanyar da ba za a bar komai a ciki ba. Masana biyu a Jamus, Bruno Scheller da Ulrich Speck, su suka nuna cewa in aka shafa wa balan-balan maganin fakilitaksel aka manna shi a bangon jijiya na ɗan lokaci, maganin yana shiga ya zauna na makonni. Asalinsa maganin ciwon daji ne da aka samo daga ɓawon wata bishiya a Amurka ta Arewa, yana son maiƙo, don haka yana kama nama da sauri. Ana shafa maikirogiram 2 zuwa 3.5 a kan kowace murabba'in milimita, a gauraye da wani sinadari, misali yuriya, mai taimaka masa ya bar jikin balan-balan.

Aikin yana da ƙa'idoji, kuma kowace aka karya magani ya tafi a banza. Sai an fara buɗe jijiyar da balan-balan marar magani, domin mai maganin isar da saƙo ne aikinsa. In bayan buɗewar hanya ta rage a tsuke fiye da kashi 30 cikin ɗari, ko bango ya tsage har yana tare jini, to raga ake bukata. Ba a taɓa jikin balan-balan mai magani da hannu, ba a goge shi, ba a jiƙa shi. Da zarar ya shiga jini ya fara wankewa, don haka ana gaggauta kai shi wurin. Faɗinsa ya zama daidai da na jijiyar, in ya yi ƙanƙanta ba zai taɓa bango ba. Tsawonsa ya zarce ciwon da kamar santimita ɗaya ta kowane gefe, domin duk inda aka ji wa rauni ba a shafa magani ba nan tabo zai taso. A ƙafa ana barinsa a hure wajen minti 3, a zuciya daƙiƙa 30 zuwa 60. Sau ɗaya yake aiki. Duk da wannan kulawa, ƙaramin kaso ne ke shiga bangon, mafi yawa jini ke kwashewa ko ya rage a jikin balan-balan.

A Disamban 2018 wani likita ɗan Girka, Konstantinos Katsanos, da abokan aikinsa suka haɗa sakamakon gwaje-gwaje 28, suka ce mace-mace sun fi yawa bayan shekara biyu da shekara biyar a cikin waɗanda aka yi wa aiki da fakilitaksel a ƙafa. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta ja kunnen likitoci a 2019, amfani da shi ya ragu ƙwarai. Aka koma aka nemo marasa lafiyar da aka rasa labarinsu a gwaje-gwajen, aka duba bayanan dubban mutane, kuma a Yulin 2023 hukumar ta ce bayanan ba su nuna ƙarin mutuwa ba. Sai dai wani babban gwaji a Suwidin, wanda sakamakonsa ya fito a 2025, ya nuna cewa kayan masu magani ba su rage yanke ƙafa ba. Amfaninsu tabbatacce shi ne rage sake tsukewa da sake komawa aiki a shekarar farko.

Mu da za ka zo wurinmu, Baba, da alamun da ka faɗa ba da balan-balan za mu fara ba. Ciwon da ke zuwa da tafiya ya tafi da hutu yana jin magani. Ka yi tafiya har ciwon ya kama, ka tsaya ya saki, ka ci gaba, na minti 30 zuwa 45, aƙalla sau uku a mako, na wata uku. Ƙananan jijiyoyi na gefe suna buɗewa, tsoka tana sabawa, nisan tafiya yana ƙaruwa. A haɗa da maganin rage kitse, asfirin ko kilofidogirel, da barin taba gaba ɗaya. Akwai kuma maganin silostazol miligiram 100 sau biyu a rana, amma ba a ba mai gazawar zuciya. In an yi haka ba sauƙi, sai a yi maganar buɗewa.

Hukuncin yana canzawa in ƙafa tana ciwo kana kwance da dare har sai ka sauko da ita daga gado, ko akwai gyambon da ya ƙi warkewa, ko yatsa ya fara baƙi. Wannan ƙafa tana cikin hatsari, a buɗe jijiyar da wuri da duk abin da ya samu. Kafin aikin a gwada ƙodarka, domin ruwan rini yana wahalar da ita, kuma in tana da rauni akan dakatar da maganin suga na metfomin na kwana biyu. Kada ka gasa ƙafar a wuta ko ka tsoma ta a ruwan zafi: mai suga ba ya jin ƙuna sai ta yi nisa.

Ni ma'aikaciyar jinya ce. Wasu wayoyi da kateta suna santsi in sun jiƙe. Shi ma magani ne? Kuma ana iya wanke su a sake amfani da su?
*Wata ma'aikaciyar jinya, Jos*

Sista, ba magani ba ne. Wata roba ce mai shan ruwa da aka shafa musu don su zame cikin jijiya ba tare da sun kankare bango ba. Sai an jiƙa ta da ruwan gishiri mai hefarin take aiki, in ta bushe kuma danƙo take yi. A riƙa goge waya da gauz mai laima, ba busasshe ba, kuma ban da barasar asibiti. Kada a ja waya mai santsi baya ta cikin allurar ƙarfe, bakin allurar yana feƙe shafin. Ɓarɓashin yana bin jini ya toshe ƙananan jijiyoyi a ƙwaƙwalwa, huhu, zuciya ko fata, kuma hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kan haka a 2015. In aka ji tirjiya, a tsaya a duba ta eksire, kada a tura da ƙarfi.

Mun san tsadar kayan nan ce ke sa a yi tunanin maimaita su, amma an ƙera su ne don aiki ɗaya. Ramin cikinsu ya yi ƙanƙanta a wanke shi tas, jinin wani yana maƙalewa da ƙwayoyin ciwon hanta, shafin yana ɓarewa, balan-balan kuma yana iya fashewa ko ya ƙi sacewa a cikin jijiya. Mai magani kuwa, bayan hurawar farko babu abin da ya rage a jikinsa da zai yi amfani.

Mai raga a zuciya zai iya shiga na'urar hoton maganaɗisu (MRI)? Ƙofar bincike a filin jirgi za ta yi ƙara?
*Wata mai shirin Umara, Sakkwato*

Hajiya, zai iya. Ragar zamani ba ta motsi a cikin na'urar, sai dai a nuna wa ma'aikatan katin da aka bayar bayan aikin, mai ɗauke da sunan ragar da girmanta da ranar sa ta. Ƙofar filin jirgi ba ta jin ta. Ki sa ƙwayoyinki a jakar hannu, da ƙarin na mako guda. Allah ya karɓi ibada.

Kakarmu ta tashi da asuba ƙafarta ɗaya ta yi sanyi, ta yi fari, tana ciwo sosai. Muka yi ta shafa mata man zafi har kwana biyu. A asibiti aka ce mun makara. Me ya kamata mu yi?
*Wani ɗalibi, Garwa*

Allah ya ba ta sauƙi, ɗan'uwa. Mutane da yawa ba su san wannan ciwo ba, suna ɗaukarsa sanyi. Gudan jini ne ya toshe jijiyar farat ɗaya, sau da yawa daga zuciya yake tasowa in bugunta ya rikice. Tsoka da jijiyoyin ji suna fara mutuwa bayan kamar awa 6 ba jini. Ƙafar da ta yi sanyi da fari da ciwo lokaci guda, ba a jin bugun jini a bayan idon sawu, ta asibiti ce a wannan sa'ar, kuma babban asibiti mai likitan tiyata. Ban da tausa, ban da gashi, ban da ɗaga ta sama.

A asibiti ana fara ba da hefarin ta jijiya. In ƙafar tana motsi kuma tana ji, ana iya zura kateta mai ƙananan ramuka a gefe har cikin gudan, a riƙa ɗiga maganin narkar da jini, altefiles, miligiram rabi zuwa ɗaya a awa, na awa 12 zuwa 24, wani lokaci har kwana biyu, ana maimaita hoto ana ganin ci gaba. Kai maganin cikin gudan yana sa a yi amfani da kaɗan, amma hatsarin zubar jini yana nan, har a ƙwaƙwalwa. Don haka ba a yi wa wanda bai daɗe da shanyewar ɓarin jiki ba, ko wanda aka yi wa babbar tiyata kwanan nan, ko mai zubar jini a ciki. In kuwa ƙafar ta fara mutuwa, yatsu ba sa motsi, babu lokacin jiran ɗigo: tiyata ake yi a zaro gudan da wani kateta mai balan-balan a baki.

Ku tambayi likitocinta ko an duba bugun zuciyarta. In a rikice yake, tana bukatar maganin tsinka jini na dindindin, domin gudan da ya tafi ƙafa wannan karon yana iya tafiya ɗaya ƙafar ko ƙwaƙwalwa.